Yadda Ƙahon Katabu Ya Bi Mu Har Gana

Tun da muka dawo daga Gana bakina bai huta ba. Mace za ta shigo shagona a Babbar Kasuwa da sunan sayen atamfa, sai ta ja kujera ta zauna: "Maman Sani, wai da gaske ƙarfe suka sa wa autarki a baya?" A Islamiyya haka, a gidan suna haka. Waɗanda rabona da su tun bikin Sani yanzu sun gano hanyar gidanmu a Kawo. Wata har tambayata ta yi ko in an yi tsawa ƙarfen ba zai jawo aradu ba. To na gaji da maimaitawa, zan rubuta sau ɗaya. Rubutun nawa na ajin manya ne, da furfura na koye shi, wadda ta ga gyara ta gyara a zuciyarta.

Nafisa ce autata, shekararta sha huɗu. Wajen ɗinkin sallah abin ya fito. Riga ta zo gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, na ɗauke ta na koma na yi wa tela tas. Matar ta bari na gama, sannan ta ce Nafisa ta sunkuya. Sai ga haƙarƙarin dama ya taso kamar an cusa mata ƙullin kaya a ƙarƙashin fata.

Daga ranar kowa a Kaduna ya zama likita. Jakar makaranta ce. Kwanciya a gefe ɗaya ce. Iska ce ta shafe ta a bakin rijiya, mu da ko rijiya ba mu da ita. Dangin mijina kuwa suka zauna suka yi bincike, suka gano cewa ƙusumbi gado ne, kuma ta wajen uwa yake zuwa. Likitan ƙashi ya ɗaga hoton bayanta a fitila, na ga ƙashin ya lanƙwashe kamar maciji yana tafiya. Ya ce ba laifin jaka ba ne, ba laifin kowa ba ne, yakan taso wa yara lokacin da suke miƙewa, kuma ya fi kama mata. Aka yi mata wata riga ta roba mai tauri, daga hammata zuwa ƙugu, ta fi shekara a ciki, a zafin nan namu. Ƙashin bai ji magana ba. Ta kai in ta hau benen makarantarsu sai ta tsaya a tsakiya tana haki.

Likitan ya ce saura aiki. Ya haɗa mu da wani asibiti a Akra inda ake taimaka wa yara irinta, manyan likitocin baya sukan zo su yi 'yan makonni su koma. Ya ce in muka rasa wannan zuwan sai baɗi, kuma kafin baɗi ƙashin zai ƙara danne mata huhu. Ya ja mana kunne a gaban ubanta: kada zazzaɓi, kada ƙurji, fatar bayan nan ta isa can lafiya lau.

Baban Sani ma'aikacin gwamnati ne. Ya ce ofis ba za su ba shi hutu ba. Ofis ɗin da in ka je ƙarfe sha ɗaya ba ka samun kowa sai masinja. Gaskiyar magana mutumin ko allura aka fito da ita sai ya kalli silin. Sai ya haɗa mu da yayarsa, Yaya Asabe, wadda ta yi ritaya daga sakatariya, wai ita ce mai Turanci. Ana saura 'yan kwanaki mu tashi, Yaya Asabe ta ɗauki Nafisa ta kai ta Katabu ta yi sallama da kakarta, Hajiya, uwar mijina. Yarinya ta dawo shiru. Ni nake ɗaure mata rigar robar kullum, sai ta ce ta iya da kanta yanzu. Na ce tsoro ne, na ƙyale ta.

Kuɗin jirgi ba mu da shi, mota muka bi. Babbar mota daga Kaduna zuwa Legas. Ni jakata ɗaya, Nafisa ɗaya. Yaya Asabe ta zo da buhu uku: gero, kuka, daddawa, yaji, busasshiyar kuɓewa, har da tukunya da muciya. Na ce, "Yaya, jinya za mu ko aure za mu kai?" Ta ce ita ba za ta je ta ci abin da ba ta san wanda ya yanka ba. Na ce ai ba a yanka gero.

Kafin mu kai Abuja wani mai tallar magani ya miƙe a tsakiyar mota. Kwalba ɗaya ce, tana maganin basir, taifot, sanyin ƙashi, ciwon suga da mantuwa. Da idonsa ya faɗa kan Nafisa sai ya ƙara da cewa har ƙusumbi tana miƙarwa cikin mako guda. Motar ta juyo gaba ɗaya tana kallon yarinya. Na ce, "Malam, ga haƙoranka nan biyu sun karkace, fara shafa musu mu gani kafin Lokoja." Ya koma kan basir, bai sake waiwayo mu ba. Nafisa dai tana zaune a bakin kujera, ba ta jingina ba tun daga Kaduna. In na ce ta jingina sai ta ce rigar ce ke matsa ta. Gumi kuwa kamar an watsa mata ruwa.

A Agege muka sauka gidan wata ƙanwar mahaifiyata, washegari muka shiga ƙaramar mota mai bin bakin teku. Iyaka uku za ka ƙetare kafin Gana, kuma kowacce sai an sauke ka, an duba fasfo da katin rigakafi, an zazzage kaya. Da muka shiga ƙasar masu Faransanci, Turancin Yaya Asabe ya mutu murus. Ta yi musu na sakatariya, ta yi musu na rediyo, suna kallonta kamar tana tari. Wani jami'i ya kwance ƙullin kuka, ya ga kore shar, ya kira 'yan'uwansa. Yaya Asabe tana ta "miya, miya", tana kwatanta tuƙin tuwo da hannu. Bai gamsu ba, ya kwance na yaji ya kai hanci ya ja da ƙarfi. Yajin Hajiya ne na Katabu, wanda ake daka wa mai jego. Sai da ya dafa tebur. Wani ɗan canji Bazabarme ya zo ya yi musu bayani, suka ɗaure mana kayanmu da kansu, suna hawaye.

A nan ne wata jami'a ta shafa jikin Nafisa ta ji abu mai tauri, ta ce sai an shiga ɗaki an cire an gani, ko wani abu muka ɓoye. Na miƙe zan bi su, Yaya Asabe ta yi wuf ta riga ni. "Ke zauna da kaya, ni zan shiga da ita." Matar da tun Kaduna ko ruwa ba ta miƙa wa yarinyar ba. Suka fito, jami'ar ta kalle ni wani iri, ta faɗi wata magana da Faransanci tana girgiza kai. Na ce a raina, ke kika sani.

A birnin Kwatano na ga mata a kan babur, goyo a baya, dogon burodi a hammata, suna tsala gudu ba wanda ya ce musu don me. Togo kuwa kafin in gama ɓare gyaɗar da na saya an ce ta ƙare, a sauko a sake nuna fasfo. Na ce wannan ƙasa ai Kawo zuwa Zariya ce aka sa mata tuta.

A Akra an yi mana hanyar masauki a zango, unguwar Musulmi, gidan wata Hajiya Memuna mai sayar da koko da ƙosai. Kakanta daga Kano ya zo fataucin goro bai koma ba. Hausarsu sai ka kasa kunne, amma zuciyarsu a buɗe take. Ta ba mu ɗaki da fanka, ta kawo mana dokunu, wani tuwon masara mai tsami a naɗe cikin ganye, da soyayyen kifi da baƙin yaji mai mai. Yaya Asabe ta shinshina ta ce ya lalace. Hajiya Memuna ta ce haka ake cinsa. Ni na ci, na ƙara. Shinkafa da wakensu ja ce, kuma a kanta suke ɗora taliya da garin rogo da ƙwai, abinci huɗu a faranti ɗaya kamar gobe ba za a ci ba. Abin da ya fi ba ni mamaki layi. Mutanen nan ko motar haya za su shiga sai sun jeru, ba mai ture wani. Na tsaya ina neman ta inda ake kutsawa, babu.

Ranar Asabar muka ji kiɗa a bayan gida, rumfuna, mutane cikin baƙi da ja suna rawa, ana raba lemo. Yaya Asabe ta gyara mayafi ta leƙa, ta ce wa matar da ke bakin rumfa, "Allah ya ba da zaman lafiya, ya kawo ƙazantar ɗaki." Hajiya Memuna ta janyo ta da sauri. Jana'iza ce. Tsohon da ya rasu ya kusa wata uku a firij ana jiran 'ya'yansa su dawo daga Turai.

Asibitin yana bayan gari. Ban taɓa sanin masu irin ciwon Nafisa suna da yawa haka ba. Yara daga Habasha, daga Saliyo, daga ƙasashen da ban san sunansu ba. Wasu an ɗaura musu zoben ƙarfe a kai, an rataya nauyi yana jan su sama a hankali kafin a yi musu aiki, kuma a haka suke tsere da keken guragu a baranda suna ihu. Nafisa, wadda ta shekara biyu tana ɓuya cikin hijabi har ƙasa, ta tsaya tana kallonsu baki buɗe.

Aka auna numfashinta, ta hura wani bututu har ta ga jiri. Aka ɗebi jini. Sannan aka shigar da mu wajen babban likitan, wani dattijo mai sanƙo, da wata nas 'yar zangon Kumasi, Sista Ramatu, tana mayar mana da magana. Ya ce a cire rigar roba. Nafisa ta kalli gwaggonta. Yaya Asabe ta kalli takalminta.

Wari ne ya fara isowa. Sannan na gani. Shaidar ƙaho shida, uku a kowane gefe, a jere a bin ƙashin bayan, kowacce da tsagar aska a ciki. Huɗu sun fara bushewa. Biyu sun kumbura sun yi ruwa, tsumman da aka manna musu ya kama fata. Kwana da kwanaki a cikin roba, a cikin gumi, daga Kaduna har Akra.

Likitan ya tambaya mene ne wannan. Sista Ramatu ba ta ma jira ni ba, ta san ƙaho, ta yi masa bayani. Ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce daidai nan zai tsaga, daga wuya zuwa ƙugu, ya sa sanduna biyu na ƙarfe da kusoshi a cikin ƙashi. In ya bi ta cikin fata mai ruwa, ƙwayar cuta za ta bi ƙarfen ta zauna, sai an sake buɗewa an kwashe komai, wataƙila ma a rasa yarinyar. Ya ce ya cire sunanta daga na wannan makon. Za a ba ta magani, a riƙa wanke ciwon kullum. In ya warke, jini ya nuna babu cuta kafin ya koma ƙasarsa, zai yi mata. In bai warke ba, sai baɗi.

Na riƙe bakina har muka fito baranda. Allah ya gani na riƙe.

"Yaya Asabe, kina wurin?"

"Ke Maman Sani, ki yi a hankali, mutane na kallo."

"Su kalla. Kina wurin aka tsaga mata baya?"

"Hajiya ce ta kira wanzami can Katabu. Ta ce mataccen jini ne ya taru ya ture ƙashin, in an zuƙe shi zai koma. Ƙaho ai sunna ne."

"Ni za ki koya wa ƙaho? Ga shaidarsa a ƙeyata, na ciwon kai. Wa ya ce miki ƙaho na miƙar da ƙashi? Ke da kika yi shekara talatin kina buga takarda a ofis, ba a gabanki ƙaninki ya faɗi abin da likita ya ce ba?"

"To ya zan yi? Hajiya ce fa."

"Kika shiga ɗaki da ita a iyaka, kika ga ya yi ruwa, kika mayar da roba kika ɗaure, kika fito kina tambayata ko akwai sauran gyaɗa!"

Na kira Baban Sani a waya. Ya yi salati, sannan ya ce, "To ai Hajiya ce, me zan ce mata?" Na ce kada ya ce mata komai, ya ci gaba da kallon silin. Gida guda, manya biyu da karatunsu da furfurarsu, an rasa mai iya cewa tsohuwa a'a saboda bayan yarinya.

Da muka koma masauki na zaunar da Nafisa. Na yi niyyar faɗa, na ga yadda take rawar sanyi, na fasa.

"Don me ba ki gaya min ba?"

"Hajiya ta ce in kin ji za ki yi rashin kunya, Baba ya yi fushi a fasa tafiyar."

"Shi ke nan?"

Ta daɗe tana murza bakin hijabi. "Ta ce in ƙahon ya ci, ba sai an yanka ni ba. Umma, ni tsoron yankan nake ji. Kowa sai ya ce min in yi haƙuri. Ba wanda ya gaya min me za a yi."

Wannan ta shige ni. Washegari da muka je wankin ciwo na kama Sista Ramatu na ce ta zauna ta gaya wa yarinyar nan komai, kada ta rage. Ta kuwa gaya mata: za a sa ta barci, ba za ta ji komai ba sai ta farka, in ta farka za ta ji ciwo sosai na 'yan kwanaki, kuma akwai maganinsa. Ta kai ta ɗakin waɗanda aka riga aka yi wa. Wata 'yar Habasha ta juya ta ɗaga riga ta nuna mata ɗinkinta, dogo kamar zif, tana dariya. Ba mai jin yaren wani, amma suka wuni tare.

Haka muka shiga zaman jira. Kullum da safe mu bi layi mu shiga motar haya, a wanke ciwo, a sa sabon bandeji, mu dawo. An hana ta sa rigar roba don fata ta sha iska. Ni da Yaya Asabe ɗaki ɗaya, katifa biyu, ba mai yi wa wani magana sai ta bakin Nafisa. "Ce wa gwaggonki ta rage fankar." "Ce wa uwarki ban ga muciyata ba." Hajiya Memuna ta gaji da mu, ta ce a zango ko kaji in an haɗa su keji ɗaya sukan saba. Na ce ta bar ni, ni ba kaza ba ce.

Sai dai zan faɗi gaskiya, Yaya Asabe ta yi aiki. Ita ke tashi ta dama kunun geron nan da na yi wa dariya, shi kaɗai Nafisa ke iya sha saboda magani ya kashe mata baki. Da asibiti suka ce mu kawo masu ba da jini, ita ta fara miƙa hannu, aka auna ta aka ce hawan jininta ya isa mutum biyu, ta koma ta zauna. Hajiya Memuna ta aika masallacin unguwa aka yi sanarwa bayan la'asar. Washegari sai ga maza cike da mota, mahauta da direbobi da wani mai gyaran waya, ba wanda ya san mu, suka ba da jini suka sha lemo suka tafi. Na tuna dangin da ke Kaduna, masu binciken gadon ƙusumbi, ko ƙwandalar kati ba wanda ya kira da ita.

Ɗaya ciwon ya rufe da wuri. Ɗayan, na ƙasa, ya ƙi. Kullum Sista Ramatu ta buɗe sai ta ce, "Saura kaɗan," ni kuma ina ganin yaran da muka tarar ana shiga da su ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda suka zo bayanmu. Aka fara cewa likitocin sun kusa tafiya. Na daina cin dokunu, na daina tsokanar kowa. Hajiya Memuna ta ce shirun nawa ya fi faɗan ban tsoro.

A makonsa na ƙarshe dattijon ya sa aka kawo ta. Ya danna wurin da yatsa, ya sake dannawa, ya duba sakamakon jini ya daɗe. Sannan ya ce zai yi, ita ce ta ƙarshe. Ya zaunar da mu ya faɗi abin da ka iya faruwa, bai ɓoye ba: lakar da ke cikin ƙashin baya ita ke riƙe da ƙafafu, in ta taɓu mutum na iya shanyewa. Ba kasafai ba, kuma za su manna mata wayoyi suna lura da ƙafafun har a gama, amma ba zai ce ba ya faruwa ba. Ya ce bayan ba zai miƙe sak kamar sanda ba, za a gyara iyakar abin da ƙashin ya yarda. Na ce na amince. Sai ya juya wajen Nafisa ya ce, ita fa? Bayanta ne. Ta yarda?

Yaya Asabe ta ce, "Ikon Allah, yarinya ake tambaya?" Sista Ramatu ta ce nan haka ake yi. Nafisa ta yi tambaya uku: ko za ta iya ruku'u, ko za ta iya haihuwa wata rana, ko ƙarfen na tsatsa. Ni ban ma san tana tunanin haihuwa ba. Ya amsa mata ɗaya bayan ɗaya, ya ce ruku'u sai bayan watanni, haihuwa ba matsala, ƙarfen kuma zai fi mu duka daɗewa. Ta ce ta yarda.

Da safe aka shiga da ita, ba a fito ba sai bayan la'asar. Abin da na yi a tsakani ba na labari ba ne. Na dai san na tsinci hannuna cikin na Yaya Asabe, kuma ban san wa ya fara kamawa ba. Da aka kira mu, tana kwance fuska a kumbure, ga robobi ta ko'ina. Likitan ya yaye zanen ƙafarta, ya ce a gaya mata ta motsa yatsu. Sista Ramatu ta faɗa, shiru. Na sunkuya na ce, "Nafisa, don ubanki motsa ƙafar nan!" Babban yatsan dama ya motsa, na hagu ya bi. Yaya Asabe ta zube a ƙasa tana kuka, sai da nas biyu suka ɗaga ta. An zo jinyar mutum ɗaya an koma biyu.

Mu a gida mai jego ma sai ta yi arba'in ana lallaɓa ta. Waɗannan washegari suka ce ta tashi ta tsaya. Na ce ba su da imani. Suka juya ta kamar gungume, suka zaunar, suka ɗaga. Ta yi ihu, ta kira sunan Allah, ta kira nawa, ta tsaya. Sai na ga ina ɗaga kai kafin in ga idonta. Yarinyar da muka zo kafaɗa ɗaya. Kafin mako ta fara zagaya baranda, daga baya har bene suka sa ta hau, ta kai sama ta juyo ta ce, "Umma, ban yi haki ba." Hoton da aka sake ɗauka kuwa kamar titin jirgin ƙasa, sanduna biyu da kusoshi a jere. Akwai sauran 'yar lanƙwasa, kafaɗar dama har yanzu ta ɗan fi, masu zuwa leƙe su sani tun yanzu.

Muka ƙara makonni kafin a sallame mu. Likita ya ce ba mota, ramukan hanya za su ɓata masa aiki. Nan fa Baban Sani da 'yan'uwansa suka gano cewa ashe akwai kuɗin jirgi. Kunya ma wani lokaci tana da amfani. Hajiya Memuna ta raka mu da ƙullin baƙin yaji, Yaya Asabe ta bar mata tukunya da muciya. A jirgi Yaya Asabe ta karanta duk abin da ta haddace tun na allo, ta riƙe hannun wani Bature da ba ta sani ba har Abuja. Daga nan muka bi jirgin ƙasa zuwa gida. Dokokin da aka ba mu: ba sunkuyo, ba ɗaukar kaya, ba murɗa jiki, ba hawa babur, sallah a zaune har sai an ce.

Kwana biyu da dawowarmu Hajiya ta iso daga Katabu da tawagarta, mata cike da falo. Baban Sani ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta. Aka kira Nafisa ta fito, tana tafe a miƙe cikin doguwar rigar da yanzu ta tsaya mata a ƙwauri. Aka yi ta salati. Hajiya ta kalle ta sama da ƙasa, ta juya wajen matan.

"Kun gani ko? Da ba a zuƙe mataccen jinin nan ba, ina Bature zai iya miƙar da ƙashin? Ƙahon ne ya sassauta shi." Ta buɗe jaka ta fito da wata kwalba. "Ga man shafawa na kawo. Kuma na gaya wa wanzami, in ɗinkin ya bushe zai zo ya cire jinin da aikin ya tara."

Na ja numfashi. Na tanadi maganar nan tun daga Akra, na jera ta, na goge ta. Baban Sani yana ta yi min alama da ido. Yaya Asabe ta ce, "Hajiya, ai da dai..." ta tsaya a nan.

Nafisa ta riga ni.

"Hajiya, ƙahonki saura kaɗan ya sa a fasa yi min aikin. Ruɓewa ya yi. Tambayi Gwaggo, ita ta ga ruwan."

Hajiya ta ce, "Ke ƙawa, ni kike gaya wa haka?"

"Ke nake gaya wa, ƙawata. Can kafin su taɓa ni sai da suka tambaye ni. Yanzu duk mai son taɓa bayan nan sai ya tambaye ni, kuma wanzami na ce a'a."

Hajiya ta kalli ɗanta. Ɗanta ya kalli silin. Ta kalli Yaya Asabe, Yaya Asabe ta ce, "Gaskiya ta faɗa, Hajiya. Na gani da idona." Tsohuwa ta juya kwalbar a hannu, ta juya, ta mayar jaka ta ja zif. Ta ce yaran yanzu an kai su waje an cire musu kunya an sa ƙarfe.

Da za su tafi ta yunƙura, gwiwa ta ƙi. Nafisa ta matso, ta tsaya a miƙe don an hana ta sunkuyo, ta miƙa mata hannu daga sama. Na ce kada ta ja, an hana ta ɗaukar nauyi, ubanta ya tashi ya ɗaga uwarsa. Ya tashi ya ɗaga. Nafisa ta raka ta har bakin mota, tana gaba Hajiya na biye, kuma duk tsawon tsakar gidan idon tsohuwar na kan bayan, hannunta na riƙe da jakarta.